Ɗinkin Sallah: Abin da Tela Zai Yi da Wanda Ba Zai Yi Ba

Kada ka karɓi abin da ya fi ƙarfin kekenka. Ranar karɓar kaya ake saɓa alkawari, daren jajibiri sai dai asiri ya tonu. Tun azumi bai kama ba ka zauna ka lissafa: kaftani da wando nawa kake gamawa a yini idan da wuta, nawa idan babu? Ƙaramin adadin shi ne naka. Idan biyu ne, to biyu ne, kwaɗayin kafin alƙalami ba zai mai da shi biyar ba.

Ka yi lissafi da kwana 29. Wata yakan cika 30, amma ba kai ke yankewa ba. Daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ake sanar da ganin wata, kuma sanarwar tana iya riskar ka cikin dare da almakashi a hannu. A 29 ɗin ma ka ware ukun ƙarshe don guga, maɓalli da gyare-gyare. Kada kuma ka auna goman ƙarshe da ƙarfin goman farko; duk wanda ya taɓa kwana a tahajjud ya wayi gari yana taka keke ya san bambancin.

Ka buɗe littafi: suna, awo, ranar karɓa, ranar bayarwa, abin da aka biya. Ka yanki ɗan ƙyalle daga kowane yadi ka liƙa a gefen sunan mai shi. Farar shadda goma a cikin leda, babu kan da zai riƙe wace ce ta wa.

Ka sa ranar rufe karɓa, ka rubuta ta a ƙofar shago, sannan ka tsaya a kanta. Wannan ita ce mai wuya. Wani babban mutum zai zo azumi yana da 25, da shadda mai tsada a hammata, ya ce, “Haba Malam, ai mu naka ne.” Amsarka ɗaya ce: “Alhaji, a yi haƙuri, na rufe. Bayan Sallah zan yi maka shi yadda kake so.” In ka ji kunyarsa, rigar yaron wani talaka da ya kawo tun watan Sha'aban ce za ta biya.

Duk abin da sai ya bi ta hannun wani, ka fara sallamarsa: mai surfani, mai aikin wuya, masu bugu. Su ma layi ne a gabansu. Zare, zif da shafi, ka saye su tun kasuwa ba ta cushe ba.

Kada ka dogara da wutar NEPA. Ka tanadi man janareto da gawayin guga.

Kada ka ce “saura maɓalli” alhali yadi yana ninke ko yankawa ba a yi ba. Kada ka kashe waya, kada ka tura yaron shago ya ce ba ka nan. In ka ga ba za ka iya ba, ka kira mai kaya saura mako guda, ka mayar masa da yadinsa da kuɗinsa ya nemi wani telan tun da sauran lokaci.

Ragowar ɗinkin Ƙaramar Sallah kuwa ka gama shi a makon farko na Shawwal. Wata biyu da 'yan kwanaki ne kawai tsakaninka da 10 ga Zulhajji.