Tashar Motar Garinmu Da Aikin Ƙaramar Hukuma

Duk ɗalibin makarantar kwana ya san tashar mota, don ta nan muke tafiya hutu, ta nan kuma muke komowa. Amma Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum. Ni kaina ban taɓa tunanin wanda ke da alhakin kula da tashar garinmu ba sai a hutun damina da ya wuce, ran da motarmu ta kafe cikin taɓo daidai ƙofar tasha, muka sauka muna turi da fararen kayanmu na makaranta. Muna cikin haka sai ga wani mutum da ɗan littafi a hannu, ya tsaya kan direba ya ce a biya kuɗin tasha. Direba ya biya, sa'an nan ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, ku da kuke karatu, kuɗin nan ina suke zuwa?" Na yi shiru, don ba ni da amsa.

Da muka komo makaranta sai na kai wa malaminmu na tarihi wannan tambaya. Bai amsa mini ba, sai ya miƙo mini littafin tsarin mulkin ƙasa, ya ce in je in karanta da kaina, in na gama in zo mu yi magana. Abin da na samo shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu a nan.

Kafin a yi Ƙaramar Hukuma irin ta yanzu, En'e ce ke riƙe da gari. Sarki ne shugabanta, tana da Baitulmali da Ma'aji, tana da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai, tana kuma da ma'aikatar ayyuka mai gyaran hanya da gina rumfunan kasuwa. Kuɗinta daga haraji da jangali suke fitowa. A wancan zamani akwai masu duba littattafan Baitulmali, watau Di'o da Razdan, akwai kuma duba-gari mai zagaya kasuwa da gidaje don tsabta. Amma fa binciken daga sama yake sauka. Talakan da ya biya harajin ba shi da bakin tambayar abin da aka yi da shi.

A shekarar 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, aka yi babban gyara. Aka mai da tsarin iri ɗaya a ƙasa duka, aka sami Ƙananan Hukumomi 301, aka ce kowace ta zama da majalisar wakilan jama'a, sarakuna kuwa aka ba su majalisarsu ta ba da shawara. Hikimar wannan gyara ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke zaune a babban birni ba zai san kwalbatin da ruwa ya cinye a ƙauye ba. Daga baya aka yi ta ƙara yawansu, suka kai 589 a 1991, suka kai 774 a 1996. Jihar Kano kaɗai tana da 44.

To, mene ne aikinsu? Tsarin mulkin 1999 ya jera shi a jadawali na huɗu. A ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da makewayin jama'a, da kula da su. Akwai ba da lasin na kekuna da amalanke da baro da jiragen kwalekwale. Akwai gina hanyoyin cikin gari da lambatu da fitilun titi, da kwashe shara, da sa wa tituna suna da yi wa gidaje lamba, da kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da aka fara ambata a jerin, watau Ƙaramar Hukuma ta riƙa nazarin hanyoyin bunƙasa arzikin yankinta, tana kai wa hukumar tsara tattalin arziki ta jiha shawara. Haka kuma tana da hannu a makarantun firamare da yaƙi da jahilci da koyar da sana'a da aikin gona da kiwon lafiya. Ke nan taɓon da muka kafe a ciki ba ƙaddara ba ce kurum, akwai ofishin da doka ta ɗora wa gyaransa.

Wani zai ce tashar mota ai ƙaramin abu ce. In ka tsaya ka ƙirga bakunan da ke ci daga gare ta, za ka sake shawara. Akwai direba da yaron mota da ɗan kamasho, akwai mai faci da makanike da mai sayar da baƙin mai, akwai 'yan dako da mai shayi da mai tuwo-tuwo. Bayan su kuma akwai manomin da ke jiran mota ta ɗauki hatsinsa. In hanya ta lalace, direba ya ƙi shiga ƙauye, ko ya ninka kuɗin buhu, sai manomi ya sayar da kayansa da araha ga wanda ya zo ya same shi. Ta haka hanya mara kyau ke cin arzikin mutumin da bai taɓa mallakar mota ba. In an dubi kasuwar hatsi ta Dawanau a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, ko kasuwar shanu ta Wudil da ke ci ran Juma'a, ko ta Maigatari da ke ci ran Alhamis, za a ga ba don manyan motoci na iya shiga su fita ba, da ba su yi suna haka ba.

Tarihi ma ya nuna mana haka. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ba da jimawa ba cinikin gyaɗa ya buɗe, har aka riƙa yin dalar gyaɗa. Jirgin ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930, garuruwan nan suka cika da baƙi da 'yan kasuwa. Da fari da cutar gyaɗa suka auku a shekarun 1970, jirgi kuma ya yi ta ja da baya, sai cinikin ya koma kan titin mota, unguwannin bakin tasha suka yi sanyi. Gari yakan tashi da hanya, yakan kuma kwanta in hanya ta kauce masa. Raya garin da ya kwanta kuwa yakan fara ne daga abubuwan nan da muke rainawa: a yashe lambatu, a gyara rumfuna, a sa fitila don a yi ciniki da dare, a ba matasa wurin koyon sana'a kusa da inda ake bukatarta.

Wani misali na kusa shi ne na birnin Kano. A watan Janairu na 2013 gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birni saboda tsaro. Dubban samari suka wayi gari ba sana'a, wasu suka koma tuƙin A Daidaita Sahu, wasu suka koma garuruwansu. A Janairun 2022 kuma masu A Daidaita Sahu suka yi yajin aiki kan kuɗin da ake karɓa a hannunsu, mutane suka yi ta tafiya a ƙasa, 'yan makaranta da 'yan kasuwa suka sha wuya. Waɗannan shawarwari na gwamnatin jiha ne, amma a cikin unguwanni aka ji zafinsu. Wannan ya nuna ba a raba maganar sufuri da maganar aikin yi, ya kuma nuna amfanin wakilin da ke kusa da jama'a, wanda zai kai kukansu tun kafin a yanke hukunci.

Yanzu mu komo kan tambayar direba. Kuɗin Ƙaramar Hukuma hanya biyu suke fitowa. Ta farko ita ce kason da ake ba ta daga asusun tarayya, inda Ƙananan Hukumomi duka suke da kashi 20.60 cikin ɗari. Ta biyu ita ce abin da ta tara da kanta. Tun da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na Kano da Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, kuɗin cikin gida a waɗannan jihohi ya koma ya dogara ƙwarai kan kasuwa da tasha da mahauta da lasin. Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. A ce tasha tana sallamar mota 100 a rana, kowace tana biyan naira 200. Ka ga naira 20,000 ke nan a rana, a shekara kuwa naira 7,300,000. Wannan misali ne kawai na ƙirƙira, amma ya isa ya nuna cewa ɗan abin da ake karɓa kullum, in ya taru, zai sayi tifa da yawa na tsakuwa. In kuwa an karɓa ba rasit, ko aka buga rasit na jabu, to ba wanda zai san ko nawa ne ya shiga asusu.

A nan ne maganar sa ido ta shigo, ita ce kuwa zuciyar wannan bayani. A 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka raba aikin Ƙaramar Hukuma gida biyu kamar na gwamnatin tarayya. Ciyaman da mataimakansa su ne masu zartarwa, kansiloli kuma su ne majalisa. Aikin kansila ba raba shinkafa ba ne, ba kuma zuwa ɗaurin aure da suna ba ne kawai. Aikinsa shi ne ya duba kasafin kuɗi kafin ya amince da shi, ya yi dokokin da suka shafi kasuwa da tasha, sa'an nan ya bi sawun abin da aka kashe. Majalisa takan kasa kanta kwamiti-kwamiti, kamar na ayyuka da na kuɗi. Kwamitin da ya san aikinsa zai kira ma'aji da shugaban sashen ayyuka ya tambaye su: nawa aka tara a tasha bana? Wa aka ba kwangilar lambatu, kuma nawa aka biya shi? Rumfunan da aka gina, 'yan kasuwa aka ba, ko kuwa waɗansu ne suka karɓe suna ba da haya? Ba zai tsaya ga takarda ba, zai je ya gani da idonsa. Bayan su kuma akwai babban mai binciken kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha, wanda ke duba littattafai.

Sai dai gaskiya ita ce wannan tsari ya daɗe yana tangaɗi. Sashe na 7 na tsarin mulki ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe Ƙaramar Hukuma, amma gwamnoni da yawa sun riƙa naɗa kantomomi, ba kansila ko ɗaya. Wanda aka naɗa kuwa wanda ya naɗa shi yake tsoro, ba direban tasha ba. Haka kuma kason tarayya ya riƙa bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha, ciyaman ya sami abin fakewa, ko an tambaye shi ya ce kuɗi ba su iso ba. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Ta ce a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki.

Da na kai wa malaminmu wannan labari ina murna, sai ya ce in yi hankali. Ya ce hukuncin kotu yana iya sauya hanyar da kuɗi za su bi, amma ba zai sauya halin mai riƙe da su ba. In kuɗi suka ƙaru, masu tambaya ba su ƙaru ba, to ɓarnar ce kawai ta matso kusa da gida. Na yi tunani na ga gaskiyarsa.

Saboda haka ga roƙona. Iyayenmu direbobi da 'yan kasuwa, duk wanda ya karɓi kuɗinku da sunan hukuma ku nemi rasit, ku kuma adana shi. Ku san sunan kansilan mazaɓarku da gidansa, ku je masa a ƙungiyance, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ran zaɓen Ƙananan Hukumomi kada a zauna gida a ce ai ƙaramin zaɓe ne. Mu kuma ɗalibai, waɗanda iyayenmu suka sha wahala suka sa mu karatu, mu ne za mu karanta musu abin da aka rubuta, mu rubuta musu takardar koke cikin ladabi, mu taya su lissafi. Matambayi ba ya ɓata.

Ni dai in Allah Ya kai mu hutu mai zuwa, zan nemi direban nan in gaya masa abin da na koyo, sa'an nan in roƙe shi ya tara abokan aikinsa mu je wurin kansilanmu da rasit ɗinsu a hannu, mu ji ranar da za a zuba tsakuwa a ƙofar tasha kafin wata daminar ta sauka. Allah Ya ba mu shugabanni masu amana, Ya kuma ba mu ikon taimakonsu da gaskiya, amin.