Shuɗin Ruwan Majema Ba Na Zubarwa Ba Ne

Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa majeman Kano da Sakkwato ke jeme fatar jar akuya da bagaruwa, fatake su ƙetare Sahara da ita, har mutanen Turai suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Har gobe ana wannan aiki a Majemar Ƙofar Wambai da ke Kano. To amma manyan masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai ba da bagaruwa suke jima ba. Gishirin wani ƙarfe suke zubawa, mai suna kuromiyam, dabarar da aka yi wa rajista a Amurka a 1884. Yau kusan kashi 80 cikin ɗari na fatun duniya da shi ake jeme su, saboda yana da sauri, fatar kuma ta fito da laushi da jure zafi.

Ga inda gizo ke saƙar. In an zuba gishirin nan a gangar jima, fata ba ta shanye shi duka. Wajen kashi ɗaya cikin uku yana saura a ruwa. Ana buɗe ganga sai ka ga ruwa shuɗi-shuɗi, mai ratsin kore, ya kwararo ƙasa ya bi kwata. Daga kwata sai rafi, daga rafi sai kogi, irin su Kogin Challawa, inda masu lambu ke ban-ruwa, masunta ke jefa koma, Fulani ke shayar da shanu. Wannan gishiri kuwa ba a nan ake yinsa ba, da kuɗin waje ake sayo shi. Ashe mai masana'anta asara biyu yake tafkawa: ya zubar da dukiyarsa, ya kuma ɗauki alhakin bayin Allah.

Maganin abin ba wani tsafi ba ne. Da fari a ware ruwan jima, a yi masa kwatarsa daban, kada ya haɗu da ruwan toka da na wanke gashi. Wannan shi ne ginshiƙi, kuma nan ne akasari ake yin sake. In ruwan ya cakuɗe, aikin ya ɓaci. Sai a tace shi a fitar da kitse da guntayen fata, a tara a tanki, a zuba farar hodar maganiziya, a motsa, a ƙyale shi ya kwana. Da safe kuromiyam ya kwanta a ƙasa, kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba bayan an tace kamu. A tsiyaye ruwan sama, a zuba wa laka ɗin asid ɗin salfa, irin na ruwan batir, a hankali, da safar hannu da tabarau. Nan take ta narke ta koma gishirin jima, a gauraya da sabo a mayar ganga. Kusan duk abin da ya zube ana maido shi ta haka. Majeman Kanfur da na Tamil Nadu a Indiya sun daɗe suna yi, musamman bayan Kotun Ƙolin ƙasar ta matsa wa masu ɓata ruwa a 1996.

Saura ɓawon da injin aski ke kankarowa daga shuɗiyar fatar da aka jeme da kuromiyam, wanda ake jibgewa tsibi-tsibi a bayan masana'anta. Shi ma dukiya ne. In an dafa shi da ruwan farar ƙasa, naman fatar ya rabu da ƙarfen. Da na farko ana yin gam da takin zamani. Na biyu a mayar jima, ko a sarrafa shi ya zama koren launi na fenti da tangaran da gilashi.

Abu ɗaya dai, jama'a, kada a cinna wa ɓawon nan wuta. Kuromiyam ɗin jima mai sauƙin illa ne, amma wuta na iya juya shi ya koma mugun nau'i, mai cin fata da hanci, mai jawo sankarar huhu. Haka kuma kada a niƙa shi a abincin kaji, kamar yadda aka taɓa samu a Bangaladash, kada kuma fatar da ta shiga jima ta ɓulla kasuwa da sunan ganda.

Ƙananan majema da ba su da ƙarfin gina tanki su kaɗai, su haɗa kai su gina ɗaya. Muna da cibiyar binciken fata ta NILEST a Samarun Zariya, wadda aka kafa don irin wannan aiki. Masu masana'antu, ku aika yaranku su koyo. Masu unguwanni da manoman bakin kogi, in kun ga shuɗin ruwa ya biyo kwata, ku kai magana gaban hukumar kula da muhalli, kada ku yi shiru.