Yadda Ake Datse Kwari Ya Zama Tafki

Garin Bauchi da aikin ƙasa aka kafa shi. Ganuwar da Malam Yakubu ya kewaye garin da ita bayan 1809, wadda Ƙofar Ran ke cikin ƙofofinta, ƙasa ce aka haƙa aka jiƙa aka jibga, ramukan da irin wannan aiki ke bari kuwa su ne kududdufai. Ruwan famfon garin ma daga Gubi yake zuwa, ita ma madatsar ƙasa ce. Amma akwai ƙaramar madatsa, wadda mutumin Ƙofar Ran mai gona a bayan gari zai iya haɗa kai da mutanen ƙauye su yi, domin ruwan da ke gangarowa daga duwatsu a guje cikin Agusta ya tsaya har bazara.

Kafin diga ta taɓa ƙasa sai an sallami mutane. A je wurin mai unguwa da dagaci, a sanar da ƙaramar hukuma, tunda dokar filaye ta 1978 a hannunta ta bar ƙasar karkara. A zauna da waɗanda gonakinsu ke ƙasan kwarin, da makiyayan da burtalinsu ya ratsa wurin. A kuma nemo injiniyan ruwa ya auna, ko da bangon bai wuce mita huɗu ba.

Wurin da ake nema shi ne inda kwari ya tsuke tsakanin tudu biyu, bayansa kuma ya buɗe ya yi shimfiɗa. Gajeren bango ke nan, ruwa mai yawa. Ana guje wa rairayi, da dutse mai tsaga, da gindin suri, don gara ta riga ta huda ƙasar. Lissafin farko ba wuya: tsawon bango sau nisan da ruwa zai koma baya sau zurfi, a raba shida. Bango mai mita 60, ruwa ya koma mita 150, zurfi mita 4, zai riƙe lita miliyan 6. To ga inda hankali ya kamata ya tashi. Bauchi na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara. Ko kashi 10 cikin 100 kawai ya gangaro daga hekta 20, lita miliyan 20 ke nan. Ruwan da zai zo ya ninka abin da tafkin ke ɗauka fiye da sau uku, saboda haka tun ranar awo ake tambayar ta ina ragowar zai wuce.

Daga nan sai gwajin ƙasa. A haƙa ramuka a kan layin bango da inda za a ɗebi ƙasa. A ɗebo dunƙule, a yayyafa masa ruwa, a murza tsakanin tafuka har ya yi kaurin ɗan yatsa. In ya lanƙwasu bai karye ba, akwai yumɓu. In ya marmashe, yashi ya yi yawa. Baƙar lakar fadama mai darewa da rani tana ruɗin mutane saboda danƙonta, alhali tsagar da take yi hanya ce ga ruwa. Jar ƙasa mai yumɓu da ɗan tsakuwa ta fi.

Ana fara aiki bayan kaka, wajen Nuwamba, lokacin da ƙasa ke da sauran laima, a gama kafin ruwan Mayu. A share layin tas: ciyawa, saiwa, kututture, da ƙasar sama, wadda ake tarawa gefe don za a dawo gare ta. Sannan a haƙa rami a tsakiyar layin, daga wannan tudu zuwa wancan, a nutsa har a shiga ƙasa mai tauri da aƙalla santimita 60, a cike shi da yumɓu mafi kyau. Wannan ramin babu mai ganinsa bayan an gama, shi ya sa ɗan kwangila mai son kuɗi ke tsallake shi. Ba tare da shi ba ruwa zai bi ta ƙarƙashin bango ya fice.

Ɗaga bangon kuwa daɓe ne, irin wanda mata ke yi wa ɗaki, sai dai wannan na wata da watanni ne. A zuba ƙasa kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, a danne da rola ko tayar tarakta mai kaya, in gayya ce a bi da madaɓi, a ɗan kakkarce saman, sannan a zuba wata. Laimar da ake so ita ce a dunƙule ƙasa ta tsaya amma kada ta ɓata hannu. Mai katafila zai ce, “Alhaji, bari in turo maka ita gaba ɗaya, nauyinta zai zaunar da ita.” Kada a yarda. Ƙasar da aka jibga ba dannewa tana shan ruwa ta zame. Gefen da ke fuskantar ruwa a kwantar da shi, kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita uku na shimfiɗa. Gefen baya mita biyu ko biyu da rabi. Saman ya kai faɗin mita uku, a ƙara kashi 10 cikin 100 na tsayi don zaman da ƙasa za ta yi. In za a sa bututun ɗiban ruwa, tun daga ƙasa ake binne shi, a yi masa zoben siminti.

Mafitar ambaliya ita ce ran madatsa, kuma a nan aka fi yin rowa. Ana yanka ta a gefe, cikin ƙasar Allah wadda ba a taɓa ba, nesa da jikin bango, mai faɗi, a jera mata duwatsu, bakinta ya gaza saman bango da aƙalla mita ɗaya. Bangon ƙasa yana jure ruwa a gabansa shekara da shekaru, amma in ruwa ya hau kansa, sa'o'i kaɗan sun isa. Kanawa ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba, mutanen Maiduguri kuma sun ga abin da madatsar Alau ta yi a Satumban 2024. Ni a ganina, in kuɗi sun gaza, gara a rage tsayin bango da a tsuke mafita.

In an gama, sai a mayar da ƙasar saman nan a jikin bango, a dasa kiri-kiri, a jera jema a gindi. Itace kam ko ɗaya kada a bari a kai, saiwarsa in ta ruɓe rami take bari.

Sauran aikin na masu rai ne. Rana da iskar hunturu suna shanye kusan mita biyu na ruwa a shekara, don haka a bar gurbi mai zurfin mita uku ko fiye, inda tarwaɗa da karfasa za su yi bazara. Can wutsiyar tafkin a bar shi ba zurfi, da gaɓa mai kwanciya. Nan bado zai fito, kwaɗi su yi ƙwai, zalɓe da belbela su sauka, kirinjijiya ta biyo da garkenta. In an bar ɗan tsibiri a tsakiya, tsuntsu zai yi sheƙa inda kare da yara ba sa kaiwa. Guza ba a gayyatarsa, da kansa yake zuwa. Ba gandun dajin Yankari za a yi ba, ba kuma na Sumu ba, amma kanya da ɓaure da aka shuka nesa da bango za su tara abin da mai gona bai zata ba. Kacalla kuwa a tumɓuke ta tun tana ƙarama, in ta kafu ta cinye tafkin.

Shanu a yi musu mashaya ɗaya, ko kwami a ƙasan bango ta bututu, a killace sauran da ƙaya. Yara a hana su wanka da fitsari a ciki, saboda tsargiya ta jikin katantanwar ruwa take yaɗuwa. Ruwan sha kuma a ɗebo daga rijiyar da aka gina a ƙasan bango, a tafasa.

Daminar farko, bayan kowane ruwa mai ƙarfi, mutum ya taka bangon daga wannan kai zuwa wancan, yana duba tsaga da ramin gafiya. Ya sauka gindin baya ya duba ruwan da ke tsattsafowa. In ruwan garai yake fita, a sa ido kawai. In ya fito jajir da laka, bangon ne ke tafiya: a buɗe bututu a rage ruwa, a aika wa mutanen ƙasan kwari tun kafin dare.