Gudun dogon zango

Gudu iri biyu ne. Akwai na mita 100, wanda ake gamawa cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma na dogon zango, wanda ƴan makaranta ke kira kuros. Shi wannan ba a fili ɗaya ake yin sa ba: a fita bayan gari, a ratsa rairayi, a hau tudu, a gangara, sannan a komo.

A Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, lokacin ɗari ya fi dacewa da shi, da sanyin safiya. In bazara ta shigo, zafi yakan wuce digiri 40, kuma gudu da tsakar rana sai ya kayar da yaro. Ƙasar Adar ba ta da sauƙin taki. Ga duwatsu, ga ƙarangiya.

Ranar farko, kusan kowane yaro kuskure ɗaya yake yi. Da malam ya busa usur, sai ya zabura da iyakar ƙarfinsa don ya wuce kowa. Kafin a kai rabin hanya numfashinsa ya sarƙe, gefen cikinsa na suka, ƙafafunsa sun yi nauyi. Sai ya tsaya ya dafa gwiwa, waɗanda ya bari a baya su zo su wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Wani har kuka yake yi, ya ce ba ya sakewa.

Ba raggo ba ne. Jiki yana bukatar iska kafin ya yi aiki. Huhu ke jawo ta, zuciya kuma ta tura jini ya kai ta ga ƙafafu. In gudun ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, dole a tsaya. Wanda ya jure yana fita sau biyu ko uku a mako, zuciyarsa takan ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. A hankali yake gane takinsa: ya fara sannu, ya adana ƙarfi don ƙarshe, ya daina waiwayen na kusa da shi. Wannan ya fi wuyar koyo, don ba yaron da ke son a wuce shi a gaban abokansa.

Manya ma sukan sha wuya. Gudun maraton kilomita 42 ne da mita 195, wato ya kusa kai tafiyar Tawa zuwa Tabalak. A wasannin Olimpik na 1960, a birnin Rum, Abebe Bikila na Habasha ya cinye shi ba takalmi. A 1968 kuwa, a Meziko, John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi a hanya, ya ji mummunan ciwo a gwiwa. Aka ɗaure masa ƙafa, ya tashi yana ɗingishi. Ya iso fili fiye da awa guda bayan Mamo Wolde da ya zo na ɗaya. Cikin mutum 57 da suka gama, shi ne na ƙarshe. Ƴan kallon da suka rage suka miƙe suna tafa masa.

Aiki

Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ku ƙirga bugun zuciyarku na minti ɗaya kuna zaune. Ku zagaya makaranta sau biyu da gudu, ku sake ƙirgawa. Ku rubuta lambobin biyu cikin littafinku, a sake gwadawa bayan wata ɗaya.