DARASIN RANI: RAGE TEƁA, ƘARA ƘWANJI

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan karo domin waɗanda nauyinsu yake daidai ne. Ba su rame ba, ba su kuma yi ƙiba ba. In sun hau sikeli a asibiti sai a ce musu lafiya lau. Amma da ruwan fari ya sauka suka ɗauki fartanya, kafin hantsi sun fara haki, baya yana ciwo. Ciki ya ɗan turo gaba, damtse kuwa ya saki. Bari mu duba abin da ke kawo haka, da abin da ƙungiya za ta iya yi kafin damina.

1. SIKELI BA YA FAƊIN KOME DA KOME

Sikeli yana haɗa ƙashi da tsoka da kitse da ruwa ya ba mu lamba ɗaya. Mutum biyu masu tsawo ɗaya suna iya zama kilo 60 kowannensu, ɗaya tsoka ta yi masa yawa, ɗayan kuwa kitse. Na farin zai yi huɗa har azahar. Na biyun zai nemi inuwa tun da wuri.

Kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanji da hanta, shi ne mafi hatsari, gama yana tafe da ciwon sukari da hawan jini ko ga wanda ba a kiransa mai ƙiba. Ga awo mai sauƙi da ba ya bukatar ko sisi. Ka yanki igiya daidai tsawonka, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka. Ka ninka ta biyu, ka zagaya ta cikinka kaɗan sama da cibiya. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya fara yawa. Watau kewayen ciki kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 170, cikinsa ya tsaya ƙasa da 85.

2. YADDA SHEKARA TAKE JUYA JIKIN MANOMI

A ƙasar Mashi da Dutsi da Mani har zuwa Daura, damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Aiki mafi nauyi, watau noman fari da maimai, yakan faɗo daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wake ya ƙare ko an sayar, saura tuwo da miyar kuka. Jikin da ke aiki bai sami isashen abinci ba yakan ci kitsensa, ya kuma ci tsokarsa. A ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya masu bincike sun yi shekaru da yawa suna auna mutane, suka ga manya suna raguwa kowace damina, su komo bayan girbi.

Da kaka ta yi, abinci ya samu, nauyi yakan dawo. Amma in mutum yana zaune, yawancin abin da ya dawo kitse ne. A da aikin rani yana da yawa: sussuka, daka, jan ruwa da guga, tafiya kasuwa a ƙasa, buga tubali. Yanzu akwai injin niƙa da babur da famfon tuƙa-tuƙa. Mun gode da sauƙin da suka kawo. Sai dai jiki ba ya riƙe tsokar da ba a mora. Daga wajen shekara 30 ma tsoka takan riƙa raguwa da kanta a hankali, ta ƙara sauri bayan shekara 60. Ta haka mutum zai yi shekara goma nauyinsa bai motsa ba, alhali kuwa ƙarfinsa yana tsiyayewa.

3. ABINCIN DA KE GINA TSOKA

Tsoka da furotin ake gina ta, watau abin nan mai gina jiki da ke cikin wake da gyaɗa da nono da ƙwai da nama. Baligi yana bukatar aƙalla giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa kowace rana. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar giram 48. Mai son ƙara tsoka yana bukatar wajen ninkin haka, giram 90 zuwa 100.

A cikin giram 100 na busasshen abu, ga abin da ake samu:
Waken suya, wajen giram 36.
Gyaɗa ɓararriya, wajen giram 25.
Wake, wajen giram 23.
Gero ko dawa, wajen giram 11.
Garin rogo, bai wuce giram 2 ba.
Ƙwai guda ɗaya yana da wajen giram 6, rabin lita na nono kuwa wajen giram 16. Ƙuliƙuli ya fi gyaɗa furotin, tun da an matse mansa. Fara da busasshen kifi su ma suna da shi da yawa.

Mu lissafta na yini ɗaya. Tuwo da fura na giram 400 na hatsi, wajen 40. Gwangwanin madara ɗaya na wake, a dafa, wajen 30. Rabin lita na nono, 16. Ƙwai biyu, 12. An kusa 100 ke nan, ba a sayi nama ba. Hatsi da wake suna cika wa juna gurbi, abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana da shi. Saboda haka ɗanwake da ƙosai da koko da dawa da wake da kwaɗon zogale mai ƙuli abinci ne na masu ƙarfi. A raba shi safe da rana da dare, kada a tara shi a ci ɗaya. Waken suya lalle a dafa shi ƙwarai, ko a yi awara. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, tana da dafi mai ɓata hanta.

4. ABIN DA ZA A RAGE

Wanda nauyinsa yake daidai kada ya yi wa kansa horon yunwa. In ya yi, tsokar da yake nema ita za ta fara tafiya. Abin ragewa shi ne zaƙi da yawan mai. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce wajen giram 50 a yini, watau ƙaramin cokali 12, in an rage fiye da haka ma ya fi. Lemon kwalba guda ɗaya yana ɗauke da wajen cokali 8 ko 9. A ƙara da na shayi da na fura, an wuce iyaka tun kafin la'asar. Giya da burukutu su ma ciki suke turowa.

5. AIKIN DA KE GINA TSOKA

Abinci kaɗai ba ya isa. Sai tsoka ta ɗauki nauyin da ya ɗan fi wanda ta saba, sa'an nan ta ƙaru. A 2020 hukumar nan ta ce baligi ya yi aikin motsa jini na minti 150 zuwa 300 a mako, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Da damina gona ta ɗauke mana wannan. Da rani sai mun nema.

(a) Kai taki gona, buga tubali, yaɓe, haƙar ramin takin gargajiya, ban ruwa a lambu. Duka aikin ƙarfi ne mai riba biyu.
(b) Tsugunna ka miƙe sau 10 zuwa 15, ka huta, ka sake har zagaye uku.
(c) Kwanta rubda ciki, ka dafa ƙasa, ka ɗaga jiki a miƙe, ka sauke.
(d) Jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, ka yi taku hamsin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Fara da lita 8 a kowace, ka riƙa ƙara lita ɗaya duk mako.

A ɗaga kaya da ƙarfin cinya, baya a miƙe. A bar kwana ɗaya tsakani, gama lokacin hutu da barci ne tsoka take ginuwa. Da bazara a yi da sassafe, a sha ruwa sosai. Sai an yi wata biyu ko uku kafin a ga bambanci, kuma mai yiwuwa sikeli ba zai nuna kome ba. Igiya ce za ta nuna, da zariyar wando.

6. GARGAƊI

Ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" sau da yawa akwai dexamethasone a ciki. Yana kumbura fuska da ciki, yana cinye tsoka, yana ta da sukarin jini. Tramadol kuwa ɓoye gajiya yake yi, ba ya ƙara ƙarfi, ga shi da kama mutum. Mu guje su.

Mata masu ciki da masu goyo da yara, wannan darasi bai ce su rage kome ba, su ne ma za a fara ba wake da ƙwai. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko gwaiwa ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin ya ɗaga nauyi. Wanda yake ramewa ba dalili, ko da tari ko yawan fitsari, ya tafi asibiti.

7. ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Yawancinmu mukan sayar da wake da kaka don tsoron ƙwari, mu rasa shi a Yuli da Agusta sa'ad da jiki ya fi bukatarsa. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a ƙasashenmu tun 2007, yana adana busasshen wake watanni ba tare da magani ba, in an ɗaure shi yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙungiya ta sayi buhunan a haɗe. Kowane gida ya ware waken damina tun ranar casa, a rubuta sunansa, kada a kwance sai an fara noman fari.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A wane wata wake yakan ƙare a gidajenmu? Tiya nawa gida mai mutum takwas zai ajiye?
2. Wane aikin ƙarfi muka bari cikin shekara goma da suka wuce? Da me za mu maye gurbinsa?
3. Wane aikin gayya za mu sa wa rana a wannan rani?

Kowa ya zo taro na gaba da igiyarsa. Magatakarda ya rubuta awon kowa, a sake aunawa bayan wata uku.