Gidan Kula da Manya Masu Raunin Fahimta: Yadda Za a Gane Mai Kyau

Wata tsohuwa ta taɓa tambayata a asibiti, ta ce, "'Yata, in na mutu, wa zai riƙe mini shi?" Ɗanta yana zaune a gefenta. Ya ba shekara 30 baya, amma ba ya iya ƙirga kuɗi, ba ya iya zuwa kasuwa shi kaɗai. Iyaye da yawa suna kwana da wannan tunani. Idan ƙarfinsu ya ƙare, sukan kai mutumin wani gida inda za a riƙe shi: cibiyar naƙasassu, ko gidan mai magani, ko gidan addu'a, ko wurin wani dangi na nesa. Wannan darasi zai taimake ku ku gane ko gidan ya dace, ku kuma san abin da za ku riƙa dubawa bayan kun kai shi.

Mene ne raunin fahimta?

Mai raunin fahimta mutum ne wanda tun yana yaro yake jinkirin koyon abubuwa, kamar magana, ƙirga da kula da kansa. Ba hauka ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Abubuwan da sukan jawo shi sun haɗa da doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da rashin sinadarin aidin a jikin uwa lokacin da take da ciki. Wasu kuma haka aka halicce su tun daga ciki. Babu allura ko rubutu ko jiƙo da ke kawar da shi. Amma mutumin yana iya koyo a hankali, yana iya aiki gwargwadon ƙarfinsa, yana kuma jin zafi da kunya da farin ciki kamar kowa.

Abin da ya faru a Ingila

Kada mu ce sai a ƙasar talakawa ake cutar irin waɗannan mutane. Kusa da birnin Bristol a Ingila akwai wani asibiti mai zaman kansa da ake kira Winterbourne View, mai gado 24, inda ake ajiye manya masu raunin fahimta. Ginin sabo ne, ana kuma biyan kimanin fam 3,500 kowane mako a kan mutum ɗaya. A shekarar 2011 wani ɗan jaridar BBC ya shiga can a matsayin ma'aikaci, ya ɗauki hotuna a ɓoye. An ga ma'aikata suna marin mazauna gidan, suna danne su a ƙarƙashin kujera, suna sheƙa musu ruwan sanyi, suna yi musu ba'a. An rufe wurin a wannan shekarar. Ma'aikata 11 sun amsa laifinsu a kotu, aka ɗaure 6 daga cikinsu a 2012.

Bincike ya nuna yadda aka yi abin ya daɗe ba a tsayar da shi ba. Da yawa daga cikin mazaunan an kawo su daga garuruwa masu nisa, danginsu ba sa iya zuwa a kai a kai. Waɗanda suka zo kuma ba a barinsu su shiga ɗakunan kwana. Mazaunan da suka yi ƙara ba a gaskata su ba. Wani babban nas ya kai kuka ga shugabannin wurin da kuma hukumar da ke duba asibitoci, ba a ɗauki mataki ba.

Bayan shekara 2, a 2013, wani saurayi ɗan shekara 18 mai raunin fahimta da farfaɗiya ya nutse a bahon wanka a wani gidan jinya na gwamnati a Oxford. An san yana da farfaɗiya, amma aka bar shi shi kaɗai cikin ruwa, ana leƙa shi duk bayan minti 15. Masu binciken mutuwarsa sun ce sakaci yana cikin abin da ya kashe shi.

Darasin a fili yake. Kyan gini da yawan kuɗi ba sa tsare mutum. Abin da ke tsare shi shi ne idon mutane a kansa, da masu kula da suka san ciwonsa.

Kafin ku kai shi

Ku fara tambayar kanku ko akwai hanyar da zai zauna cikin danginsa, 'yan'uwa suna karɓa-karɓa, maƙwabta suna taimakawa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ta ce suna da 'yancin zama cikin jama'a kamar kowa. Ku tambaye shi shi ma abin da yake so, ko da kai kawai zai gyaɗa. In ya zama dole a kai shi wani gida, ku zaɓi na kusa, inda za ku iya zuwa ku dawo a yini guda. Ku je sau biyu ko uku ba tare da sanarwa ba, sau ɗaya ya zama lokacin cin abinci. Ku duba waɗannan:

1. Ana barinku ku shiga ɗakin kwana da banɗaki? In an ce ku tsaya a zaure, kada ku bar shi a nan.
2. Akwai sarƙa, mari, igiya ko ɗakin da ake kulle mutum? Ɗauri ba magani ba ne. Yana kawo gyambo da shanyewar ƙafa da tsoro.
3. Mutum nawa ke kula da mutum nawa, musamman da dare?
4. Ana kiran mazauna da sunansu, ko ana ce musu dolo da gaula?
5. Suna da abin yi, kamar shara, ban ruwa, kiwo ko saƙa, ko kuwa duk suna zaune jugum suna gyangyaɗi da rana?
6. Mata suna da ɗakinsu da ƙofa mai rufuwa, kuma mace ce ke taimaka musu wajen wanka?
7. Akwai ruwa mai tsabta, sabulu da gidan sauro? Rijiya a rufe take?
8. In wani ya kwanta ciwo, wane asibiti ake kai shi, kuma wa zai sanar da ku?

Haɗura huɗu da suka fi yawa

Farfaɗiya. Kusan mutum 1 cikin 5 masu raunin fahimta yana da ita. Kada a bar shi shi kaɗai a bakin rafi, rijiya ko murhu. Ya sha maganinsa kullum, kada a yanke masa shi farat ɗaya, domin ciwon kan dawo da ƙarfi. In ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi a gefe. Kada a sa masa cokali ko ruwa a baki. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti. Miyau ko kumfar bakinsa ba ya sa wa kowa ciwon.

Shaƙewa. Wasu ba sa taunawa sosai, wasu suna gaggawar haɗiya. A zaunar da mutum a miƙe, a yanka nama ƙanana, a ba shi lokaci. Mai yawan tari a kan abinci yana iya kamuwa da ciwon huhu, sai a kawo shi a duba.

Ciwon da ba a gane ba. Wanda ba ya iya cewa "nan ke mini ciwo" yakan nuna da hali. An taɓa kawo mana wani mutum da tabon igiya a wuyan hannu. An ɗaure shi ne don yana dukan fuskarsa, ana cewa iskoki ne. Da muka buɗe bakinsa, sai ga ruɓaɓɓen haƙori da kumburi. Bayan an cire haƙorin ya daina. In halin mutum ya sauya kwatsam, a duba haƙori, kunne, zazzaɓi, fitsari, da kwana nawa ya yi bai yi bayan gida ba.

Maganin barci. Wasu gidaje suna ba da ƙwayoyi don kowa ya yi shiru. Ku nemi a nuna muku kowane magani, da sunan likitan da ya rubuta shi, da dalili.

Bayan kun kai shi

Aikinku bai ƙare ba. Ku riƙa zuwa aƙalla sau biyu a wata, ku sauya ranaku. Ku zauna da shi ku kaɗai. Ku duba jikinsa cikin mutunci: wuyan hannu, idon sawu, baya, cinyoyi. Ku lura ko yana ramewa, ko yana firgita idan wani ma'aikaci ya matso, ko ya fara fitsarin kwance alhali da ba ya yi. Ga mace, ku lura da al'adarta. In ya gaya muku an doke shi ko an taɓa shi, ku gaskata shi tukuna, sannan a bincika.

In kun ga alamar cuta, ku ɗauke shi a ranar, ku kawo shi asibiti a duba shi a rubuta abin da aka gani. Ku sanar da mai gari da ofishin jin daɗin jama'a, in laifin babba ne har jandarma ko 'yan sanda. In kun yi shiru don kunya, waɗanda kuka baro a can za su ci gaba da shan wahala. Ma'aikacin da ya ga ana zalunci shi ma ya faɗa, in ba a saurare shi ba ya kai gaba.

Wasu mazaunan ba su da mai zuwa ganinsu ko ɗaya. Zumuntar mata, matasa ko dattawan unguwa za su iya raba mako a tsakaninsu, kowa ya san ranar da zai leƙa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya bambanta raunin fahimta da taɓin hankali?
2. Me ya sa cutar da aka yi a Winterbourne View ta daɗe ba a tsayar da ita ba?
3. Me za ku yi in farfaɗiya ta tashi wa mutum a gabanku?
4. Su wa ke da wannan larura a garinku, kuma wa zai riƙe su bayan iyayensu?