DARASI: TARBIYYAR YARA A KAN HANYA, DA KOYA MUSU DARAJAR HALITTUN DAJI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ƴan'uwa, babban hutun makaranta yana zuwa ne cikin damina, lokacin da magidanta da yawa ke kwasar iyali daga Yamai zuwa Maraɗi, Tawa ko Damagaram domin sada zumunci. Abin takaici shi ne yaranmu suna ƙare wannan doguwar tafiya cikin barci ko kallon salula, alhali daji kore shar yana wucewa ta gefensu. Muna ganin wannan asara ce, domin yaron da bai san sunan abu ba, ba ya jin zafin ɓacewarsa.

Na farko, mu koya musu kallo. Mu nuna musu gawo, mu tambaye su dalilin da ya sa ya kaɗe ganyensa alhali sauran itatuwa sun yi lif. Sannan mu bayyana musu cewa gawo da rani yake ganye, shi ya sa ba ya tare wa gero rana, kuma ganyen da ya zubar taki ne ga gona. Mu nuna musu shamuwa mai zuwa da busharar ruwa, wadda ke komawa kudancin Afirka bayan damina, da balbela mai bin shanu tana cin ƙwarin da suka tayar.

Na biyu, mu ba su labarin raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage daga wannan iri na Afirka ta Yamma. Da aka hana farautarsu, manoman yankin kuma suka yi haƙuri da ɓarnar da suke yi wa wake, sai suka haura 600. A 2018 aka kai takwas gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Darasin a nan shi ne hannun ɗan Adam na iya hallakawa, yana kuma iya rayawa. Sai dai tun harin da aka kai Kure a 2020, wajibi ne magidanci ya nemi bayanin hukuma game da tsaro kafin ya ratse da iyalinsa daga kan kwalta.

Na uku, ladabi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu Sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa guda biyu cikin wata tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su mayar mata. Saboda haka mu hana yara kwashe sheƙa, da jifan ƙadangare, da harbin tsuntsu don wasa, da yar da leda inda dabbobi za su haɗiye ta. Kada kuma su sa hannu cikin rami, gudun maciji da kunama.

Wanda ba shi da halin tafiya, bakin tafkin Madarunfa ko gonar bayan gari ta wadatar. A ba yaro littafin rubutu ya jera sunayen tsuntsaye da itatuwan da ya gani, ya kai wa kakarsa ta gyara masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, amin.